Wata uku babu wuta a Zanzibar: waya ɗaya a ƙarƙashin teku ta isa ta riƙe tsibiri?

Malam Na-Unguja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare ɗana ya kawo min wayarsa, ya nuna min wani jirgin ruwa yana zura wayar wuta cikin teku domin a haɗa tsibirin Kirit da babban layin ƙasar Girka. Shi mamakin girman jirgin yake yi. Ni kuwa hankalina Zanzibar ya koma.

Na yi koyarwa a can daga 2009 zuwa 2011, kuma ina gari ranar 10 ga Disamba 2009 da wuta ta ɗauke. A matsayina na ɗan Najeriya ko gezau ban yi ba, na ce anjima a dawo da ita. Sai na ga maƙwabtana sun shiga damuwa sosai, domin su sun riga sun ɗanɗana: a watan Mayu na 2008 sun yi kusan wata guda cur a duhu. Wannan karon ba ta dawo ba sai farkon Maris 2010. Wata uku.

Dalilin shi ne, duk tsibirin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, a lokacin waya ɗaya tak ke kawo masa wuta daga ɓangaren tudu na Tanzaniya. Tana shiga teku a Ras Kiromoni, arewa da Darussalam, ta fito a Fumba, tsawonta bai kai kilomita 40 ba. Ta kusa shekara 30 a cikin ruwa, kuma a tsibirin babu wata tashar da za ta ɗauki nauyin gari idan ta tsaya.

Duhu ba shi ne abin da ya fi gallabarmu ba, ruwa ne. Ruwan garin daga rijiyoyin burtsatse da maɓuɓɓugai ake turo shi da injin lantarki. Kwana biyu da ɗaukewar wuta famfo ya ƙafe. Ina tuna wani yaro da ke kawo mana ruwa a kura, jarkoki rawaya guda goma, zufa na zuba a ƙirjinsa saboda lokacin ne zafin ƙasar ke kan ganiyarsa. Kuɗin jarka ya ninka, amma ba ka iya yi masa ciniki idan ka ga daga inda ya turo. A kasuwar kifi ta Malindi kuwa, da la'asar sakaliya za ka ga masunta suna karyar da kifi a kan ko nawa ne, saboda babu ƙanƙara, gobe ya ruɓe. Telan da ke ƙasan gidanmu ya ciro tsohon keken ƙafa na mahaifinsa ya share masa ƙura. Mauludin shekarar a ƙarshen Fabrairu ya zo, da fitilun kananzir da ƙarar janareto aka yi shi.

Tambayata ga masana: yanzu ƙasashe da dama sai shimfiɗa irin wannan waya suke zuwa tsibirai. Wannan dabara ce, ko rataya ran mutane ne a igiya ɗaya? Ni dai na ga ranar da igiyar ta tsinke.

Mai Sola Kano:
Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya saka da wannan bayani. Ni amsata a gajarce: rataya rai ne. Tsibirin da Allah ya hore wa rana shekara zagaye, me ya kai shi jiran wuta daga ƙetaren ruwa? Kuɗin da za a zuba a teku, inda ba ka gani ba ka iya taɓawa, a sayi faranti da batir da shi a kafa a kowace unguwa. Idan na unguwa ɗaya ya lalace, sauran suna aiki. Ni da nake hawa rufin mutane kullum na san wannan: abin da hannunka ke kaiwa shi ne naka.

Uwar Biyu:
Don Allah kafin a yi nisa, ni tambayata biyu. Ita wayar ba ta jan kifi ko masu iyo? Mun san ruwa da wuta ba sa shiri. Sannan ita ce irin wadda ta katse a Maris 2024 har intanet ya tsaya mana, bankuna suka rikice?

Injiniya Ɗan Zazzau:
Hajiya, tambayoyinki su ne ƙofar maganar. Ba iri ɗaya ba ce. Waɗanda suka katse ranar 14 ga Maris 2024 a gaɓar Kwaddibuwa na saƙo ne, zaren gilashi ne a cikinsu, a can cikin zurfi kaurinsu bai fi tiyon ban ruwa ba. Ta wuta kuwa wata aba ce mai nauyin gaske. Da za a yanka miki ita ki duba bakinta, za ki ga jan ƙarfe ko alminiyam a tsakiya, sai wata roba mai kauri da ke tsare wutar, sai rigar dalma da ke hana ruwa shiga, sai sulke na wayoyin ƙarfe a murɗe a waje. Mita ɗaya na babbar irin wannan waya namiji mai ƙarfi ba zai ɗaga shi cikin sauƙi ba. Yawanci kuma akan saka zaren gilashin a jikinta don a riƙa sa ido a kan lafiyarta da zafin da take ɗauka. Wannan rigar ƙarfen a haɗe take da ƙasa, saboda haka wutar ba ta fita cikin ruwa. Kifi yana wucewa ta kanta lafiya lau.

Malam Na-Unguja, ranka ya daɗe, abin da ya same ku ba laifin dabarar ba ne, laifin barin ta ita kaɗai ne har ta tsufa. Tsohuwar wayar megawat 45 aka gina ta ta ɗauka, irin tsohon yayi ce mai mai a ciki, kuma buƙatar gari ta riga ta cim mata. Matsalar ma a bakin gaɓa ta auku, wajen Fumba inda wayar ruwa ke haɗuwa da ta sama, amma kayan gyaran irinta da masu gyaran sai daga ƙasashen waje. A 2013 aka kunna sabuwa mai megawat 100, da kuɗin MCC, hukumar tallafin raya ƙasashe ta Amurka, cikin yarjejeniyar dala miliyan 698 da Shugaba Bush da Shugaba Kikwete suka sa wa hannu a 2008. Kafin nan, bayan wahalar da kuka sha, an kafa janareto na gaggawa masu megawat 25 a Mtoni.

Dabarar kanta ta daɗe. Tun 1954 ƙasar Suwidin ta haɗa tsibirin Gotland da waya mai kusan kilomita 100, megawat 20. Abin da ya sa ake yi kuwa ba ado ba ne. Tsibirin da ba a haɗa ba kusan kullum man dizal ko baƙin mai yake ƙonawa, kuma man nan ma ta jirgin ruwa yake zuwa. Ka ga ai shi ma igiya ce, sai dai ita a saman ruwa take tafiya, kuma ta fi tsada.

Mai Sola Kano:
Injiniya, ni ban ce a ƙona dizal ba. Sola na ce. Kuma ba mafarki nake ba, an yi an gani. Tsibiran Tokelau a tekun Fasifik a 2012 suka koma samun kusan duk wutarsu daga rana. Tsibirin Ta'u na Samowa ta Amurka a 2016 aka kafa musu faranti na megawat 1.4 da batiran Tesla, suka huta da jiran jirgin mai. Kuma tun daga lokacin farashin faranti da batir sai sauka yake. Mu da ke saye muna sayarwa mun ga haka da idonmu.

Injiniya Ɗan Zazzau:
Gaskiya ka faɗa ƙanina, kuma a irin waɗancan wuraren ni ma sola zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Amma dubi yawan mutanen. Tokelau wajen mutum 1,500 ne. Ta'u ba su kai dubu ba. Kuma suna tsakiyar teku, babu wani babban layi kusa da za a jawo. Zanzibar a ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 ne, ga otal-otal, ga filin jirgi, ga injinan sanyi, kuma buƙatar ta fi tashi da magariba, lokacin da farantinka ya riga ya kwanta. Megawat ɗaya na faranti yana cin fili fiye da eka biyu, a tsibirin da ƙasar noma ke da daraja.

Ga misali na tsaka-tsaki. El Hierro, ɗaya daga tsibiran Kanari na Sifen, mutum wajen 11,000. A 2014 suka buɗe tashar iska mai megawat 11.5, suka haɗa da tafki a kan dutse: idan iska ta yi yawa a tura ruwa sama, idan ta kwanta a sako shi ya juya injin. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Duk da haka a lissafin shekara wajen rabin wutarsu suke samu daga nan, sauran dizal ne ke cikawa.

Alhali a ɗaya gefen ruwan Zanzibar, ƙasa da kilomita 40, akwai layin da madatsar Julius Nyerere ta kogin Rufiji ke zuba wa wuta, megawat 2,115, ta fara aiki a 2024. Ga kuma iskar gas ta Songo Songo. Ka ce kada a ja waya a ɗebo wannan?

'Yar Maraɗi:
Sallama gare ku. Ni ban taɓa ganin teku ba, amma da na karanta labarin Malam sai na ji kamar namu yake faɗi. Mu ma tsibiri ne ta wannan fannin, rairayi ne kawai ya kewaye mu maimakon ruwa. Kuran ɗin, wato wutar lantarkin, da muke sha a Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina yake shigowa, na Yamai kuma ta Birnin Kebbi. Wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya yake a wancan lokacin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sa takunkumi, farkon Agusta aka rufe layin. Ba a sake buɗewa ba sai bayan an ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu 2024.

Ni ƙanƙara da lemun zoɓo nake sayarwa. Firij biyu gare ni. Ina kallo ɗaya ya zama akwatin ajiye kwanoni. Wuta ta zo awa biyu ko ukku cikin dare, ki tashi ki cika robobi, kafin su daskare an ɗauke. Gurup kuma, wato janareto, mai ya gagara.

Abin da nake so Injiniya ya duba ke nan. Ku kuna maganar waya ta lalace. To idan wayar lafiyarta lau, amma wanda ke riƙe da makunnin a wancan gefen ya kashe fa? Wannan babu jirgin gyara da zai gyara shi. Tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 da aka kunna a ƙarshen 2023 ta rage wa mutanen Yamai zafi, shi ya sa ba na ganin maganar Mai Sola a matsayin wasa.

Baffan Yara:
'Yar'uwa ta taɓo wurin da ke ciwo. Kuma ba sai tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Zanzibar da tudu ƙasa ɗaya ce, amma kamfanin wutar tsibirin, ZECO, saye yake daga TANESCO, kamfanin wutar tudu. A 2017 bashi ya taru ya haura shilin biliyan 100, marigayi Shugaba Magufuli ya fito fili ya ce a yanke wa duk mai bashi, ko da gwamnatin Zanzibar ce. Ba a kai ga yankewa ba, an zauna an tsara biya. Amma ka ga yadda maganar wuta ta koma maganar siyasa cikin dare ɗaya. Duk wanda zai ja waya, ya fara rubuta yarjejeniyar farashi da ta biya tukuna, a san wa ke bin wa, kuma me zai faru idan an saɓa.

Malam Na-Unguja:
Baffa, haka ne. Amma bari in yi adalci, domin kada a ɗauka ni maƙiyin wayar ne. Na je Pemba sau biyu, ɗaya tsibirin Zanzibar, mai kanumfari. Zuwan farko suna kan janareton dizal na Wesha, wuta rabo-rabo, unguwa ta samu yau gobe ta rasa. A 2010 aka kai musu waya daga yankin Tanga, sama da kilomita 70, ƙasar Norwe ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Mashigin Pemba ba kamar na Unguja ba ne, zurfinsa ya kai wajen mita 800. Zuwana na biyu na sauka gidan wani abokin aiki a Chake Chake. Matarsa ta buɗe firij ta kawo min ruwa mai sanyi, ta tsaya tana kallona ina sha, fuskarta cike da farin ciki. Mijin ya ce min firij ɗin ya shekara biyu a gidan kafin ya fara aiki kwana da yini. Wannan ma na gani da idona, kamar yadda na ga wancan.

Ɗalibin Kimiyya:
Injiniya, ina da tambaya. A aji an ce mana layi mai nisa a teku DC ake yi ba AC ba, amma ban gane dalili ba. Kuma idan ta katse a zurfin mita 800, wa ke nutsewa ya ɗaura?

Injiniya Ɗan Zazzau:
Madalla da tambaya. Ka tuna siffar wayar: ƙarfe a ciki, roba a tsakiya, ƙarfe a waje. Wannan ai kafasita ce doguwa, tana shan caji. Wutar AC kuma kai da komo take yi sau 50 a daƙiƙa. Kowane juyi sai wayar ta cika ta zubar. Ka ɗauki dogon tiyo, kana tura ruwa kana janyewa da sauri: idan tiyon gajere ne ruwa zai fita a bakinsa, idan ya yi tsawo sosai duk ƙarfinka a cika cikinsa zai ƙare. Shi ya sa idan an doshi kilomita 100 AC ke fara wahala, sai an sa na'urorin da ke rage wannan asara. DC hanya ɗaya take bi, sau ɗaya wayar ke cika. Sai dai tana buƙatar tashar juyi a kowane gefe, wato irin inbatar Mai Sola amma mai girman filin ƙwallo, kuma nan kuɗi ke tafiya.

Kirit da ɗan Malam ya gani ta samu duka biyun. A 2021 aka haɗa ta da yankin Feloponis na kudancin Girka da AC, wajen kilomita 135 a ruwa, wanda a lokacin babu irinsa a tsawo. Sai babbar, DC mai megawat 1,000 daga yankin Atika kusa da Atina, kilomita 335, zurfi har mita 1,200, aka kammala a 2025. Kafin nan baƙin mai da dizal suke ƙonawa, kuma rarar tsadar a takardar kuɗin wutar kowane ɗan Girka ake raba ta.

Batun gyara, babu mai nutsewa. Da farko daga gaɓa ake aika sigina a auna nisan wurin da ta lalace. Jirgi ya je, ya saukar da wani inji mai kyamara da hannuwa da ake sarrafawa daga sama. A yanke wayar, a ɗago baki ɗaya a kan jirgi, a datse inda ruwa ya shiga, a ɗaura sabon guntu, sannan a ɗago ɗaya bakin a ɗaura. Kowane ɗauri kwanaki yake ci, a cikin ɗaki mai tsabta a kan jirgi, kuma dole jirgin ya tsaya cak. Teku ta tashi, aiki ya tsaya. Jiragen da ke iya wannan kaɗan ne a duniya, masu ƙera wayar ma haka: Prysmian ta Italiya, Nexans ta Faransa, NKT ta Denmak, Sumitomo ta Japan da wasu 'yan kaɗan. Idan ba ka ajiye guntun wayarka a sito tun ranar saye ba, kuma ba ka da yarjejeniya da mai jirgi, layi za ka bi.

Mafi yawan ɓarna kuma ba daga zurfi take zuwa ba. A ruwa marar zurfi ne, inda jirgi ke sakin anka, wato ƙugiyar da yake tsayawa da ita, ko manyan jiragen kamun kifi ke jan taru a ƙasa. Shi ya sa ake binne wayar mita ɗaya ko biyu cikin yashi, inda dutse ne kuma a zuba mata tsakuwa a kai.

Baffan Yara:
Ka ba mu misalin wanda ya katse aka ga bambanci, don mu gane.

Injiniya Ɗan Zazzau:
Ga biyu. Ƙasar Malta, tsibiri ce: wayarta daga Sisili ta Italiya, megawat 200, an kunna a 2015. Ranar 23 ga Disamba 2019 ankar jirgi ta fizge ta. Gyara ya kai Maris 2020, wata uku, daidai da na su Malam. Amma Malta ba ta rufe tashoshinta na Delimara ba. An yi duhu na awoyi, aka tayar da injinan gida, rayuwa ta ci gaba. Daga baya suka fara aikin waya ta biyu.

Na biyu tsibirin Tasmaniya a Ostareliya. Wayar Basslink, kilomita 290 a teku, ta lalace a Disamba 2015, ba ta dawo ba sai Yuni 2016. Ƙasa mai kuɗi da ƙwararru, wata shida. Abin ya haɗu da fari, ruwan madatsunsu ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100, sai da suka yi hayar janareton dizal masu yawa suka kuma roƙi manyan masana'antu su rage aiki. Gidajen mutane dai ba su shiga duhu ba.

Nas Mai Dare:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da nake so a saka cikin lissafi shi ne wanda ba ya fitowa a takardar kwangila. Wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Oregon, Alfredo Burlando, ya bi bayanan haihuwa na Zanzibar bayan ɗaukewar wutar 2008. Ya gano cewa jariran da iyayensu ke farkon ciki a lokacin sun zo da ƙarancin nauyi. Dalilin da ya danganta shi da shi shi ne samun kuɗin gida ya ragu, saboda masu sana'ar da ta dogara da wuta sun zauna, abincin mai ciki ya ragu. Wata ɗaya ne fa kawai wancan.

Na taɓa karɓar haihuwa da fitilar waya a baki. Na san yadda allurar rigakafi ke lalacewa idan firij ya mutu. Saboda haka idan ana auna tsadar waya ta biyu ko tsadar ajiye tashar ko-ta-kwana, a auna da wannan ma.

Ɗan Kaduna:
Mu ma ai mun ga samfuri a Oktoba 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi, sai na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Arewa ta kwana sama da mako a duhu. Namu a sarari yake, mota na iya zuwa gindin turken, amma ga tsawon da ya ɗauka. Ina ga wanda ke ƙarƙashin teku.

Mai Sola Kano:
To Injiniya, ai ka dawo kan maganata. Idan dole sai ka ajiye tashar gida ko da ka ja waya, ka biya sau biyu ke nan. Talakan tsibiri ne zai ɗauki nauyin a kuɗin wutarsa.

Injiniya Ɗan Zazzau:
Ka biya sau biyu wajen gini, amma ba wajen mai ba, kuma mai shi ne ke cinye kuɗi shekara da shekaru. Injin da ke zaune ana tayar da shi lokaci-lokaci don gwaji ba ɗaya yake da wanda ke shan dizal dare da rana ba.

Sannan akwai abin da ka manta, kuma kai zai fi amfana. Waya hanya biyu ce. Tsibiran Shetland a arewacin Sikotland mutum wajen 23,000 ne, shekara da shekaru suna kan tashar dizal ta Lerwick, ga iska kamar ta tsige rufi amma babu inda za a kai wutarta. A 2024 aka kunna waya DC mai kilomita 260, megawat 600, tare da gonar iska ta Viking mai fanka 103, megawat 443. Yanzu tsibirin ne ke tura wuta zuwa tudu. Kuma tsarinsu shi ne tashar Lerwick ta zauna a matsayin ko-ta-kwana, ba a rushe ta ba. Ƙaramin layin tsibiri shi kaɗai ba ya iya haɗiye sola mai yawa, gajimare ɗaya ya gifta sai wuta ta yi rawa. Idan yana jingine da babban layi, kafa farantinka yadda kake so, rarar rana ta haye teku.

Mai Sola Kano:
Wannan na karɓa. Amma ban sauka daga kan cewa ƙananan tsibirai masu nisa a bar su da sola ba. Kuma ko a manyan, ban yarda a ce sai gwamnati ta gama babban aiki kafin a taɓa komai ba.

'Yar Maraɗi:
Ni ma ban ji an amsa tawa ba sosai. Waya biyu daga hannun mutum ɗaya, makunni ɗaya ne.

Injiniya Ɗan Zazzau:
Hajiya, ba ni da amsar injiniya ga wannan, gaskiyarki ce. Waya ta biyu maganin anka ce da tsufa. Maganin makunni sai abin da ke cikin gidanka, mai iya ɗaukar asibiti, ruwa da kasuwa ko an rufe maka ƙofa.

Uwar Biyu:
Malam Na-Unguja, kai da ka zauna cikin abin, da a ce kai aka ba kuɗi kaɗan kafin ranar, ba kuɗin waya ba, me za ka fara yi?

Malam Na-Unguja:
Hajiya, rijiyoyin. Ko tunani ba sai na yi ba. Duhu mun jure shi, mun saba kwanciya da wuri, yara sun yi karatu da fitila. Amma na ga dattijuwa ta zauna a kan jarkarta a layin ruwa tun asuba har hantsi, na ga mutane suna ɗiban ruwan tsofaffin rijiyoyin da aka daina sha, kuma kowa na tsoron amai da gudawa. Da kowane injin turo ruwa yana da farantinsa da tankinsa a sama, da rabin wahalar nan ba a sha ta ba. Bayan su ɗakin haihuwa, sai injin ƙanƙara na masunta. A ja waya, ina goyon baya, na ga abin da ta yi wa Pemba. Amma waɗannan ukun kada a ɗora su a kanta ita kaɗai.

Kuma tunda maganar ta zo, rijiyar makarantar da nake koyarwa yanzu ita ma a kan wutar layi take. Mai Sola, nawa irin wannan aikin zai ci?

Mai Sola Kano:
Malam, ba sai da batir ba ma, tankin shi ne batir ɗinka: rana ta fito injin ya cika shi, dare ku sha. Turo min zurfin rijiyar, ƙarfin injin da ke ciki doki nawa ne, girman tankin da tsayinsa daga ƙasa, da yawan ɗaliban. Idan injin na AC ne mai lafiya ba sai an cire shi ba, inbatar famfo za a sa masa. In na ga lambobin zan faɗa maka faranti nawa.

Malam Na-Unguja:
Doki biyu ne, wannan na sani. Zurfin sai na tambayi wanda ya haƙa. Gobe in sha Allahu zan auna tankin in turo maka.